ZANEN YARAN GUDUN HIJIRA A GASHUWA DA NGURU: KADA A YAGA, KADA A SHARE

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'armu mazauna Kurmi, tun daga Agege, Idi-Araba da kasuwar Mil 12 a Ikko, har zuwa Sabon Badun, Shagamu, Anacha da Fatakwal, da wuya a sami wanda bai san sunan Nguru da Gashuwa ba, ko da a bakin direbobin tirela ne. Daga wannan yanki na arewacin Jihar Yobe ake lodo shanu da raguna da wake da busasshen kifi zuwa kasuwanninku. Nguru ita ce ƙarshen hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano, wadda ta isa garin a 1930. Gashuwa kuwa nan ne fadar Mai Bade, a bakin kogin Yobe.

Yau zancen yara za mu yi, watau 'ya'yan mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga gidajensu suka fake a waɗannan garuruwa biyu, da kuma abin da yaran kan zana idan suka sami takarda da fensir, ko gawayi da bango. Maganar ta shafe ku, domin da yawa daga cikinku akwai ɗan ƙane ko ɗan 'yar'uwa da aka aiko muku riƙo daga gida bayan tashin hankali, yana nan tare da ku a ɗaki guda. Wata rana za ku buɗe littafinsa na makaranta ku tarar da bindiga da wuta da mutum kwance. Abin da ya kamata ku yi a wannan rana shi ne dalilin wannan rubutu.

YADDA SUKA ZO

Ran Juma'a 23 ga watan Afrilu 2021, ana cikin azumin watan Ramadan, mayaƙan ɓangaren Boko Haram da ake kira ISWAP suka faɗa wa garin Gaidam, aka yi kwanaki ana ba-ta-kashi tsakaninsu da soja. Bayan 'yan kwanaki kuma suka auka wa Kanamma, hedkwatar ƙaramar hukumar Yunusari, kusa da iyakar Nijar. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji ya ƙiyasta cewa mutane fiye da 150,000 ne suka bar gidajensu. Wasu a mota, wasu a amalanke, da yawa kuwa a ƙasa, ga zafin bazara ga ƙishirwar azumi. Suka watsu zuwa Yusufari, Damaturu, Gashuwa da Nguru.

Abin lura a nan shi ne, galibin waɗannan bayin Allah ba sansani suka shiga ba. Gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka, wasu kuma a makarantu da kangaye. Badawa da Mangawa, Hausawa da Fulani, kowa ya buɗe zaurensa, kuma wannan abin yabo ne. Amma yana da nasa cikas. A sansani ƙungiyoyin agaji kan kafa rumfar yara, inda ake wasa da waƙa, a raba takarda da kala, a sa ido a kan yaron da ya yi shiru da yawa. A gidan kawu kuwa, inda mutum 20 ke cin tukunyar mutum 8, wa ke da sukunin lura da wanda ya daina magana? In dai ya ci ya sha, ai an ce lafiyarsa ƙalau.

Harin Gaidam ba shi ne na farko ba, ba kuwa shi ne na ƙarshe ba. Tun a watan Disamba 2003 aka fara jin ƙarar bindigar waɗannan mutane a Kanamma. Ran 6 ga Yuli 2013 aka kashe mutane 42 a makarantar sakandaren Mamudo, galibinsu ɗalibai. Ran 25 ga Fabrairu 2014 aka kashe yara maza 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 a makarantar Dapchi, wadda ke kan hanyar Damaturu zuwa Gashuwa. A watan Satumba 2024 kuma aka yi wa mutanen Mafa, cikin ƙaramar hukumar Tarmuwa, kisan gilla. Ko da yake da yawa daga mutanen Gaidam sun koma gida bayan ƙura ta lafa, duk yaron da aka haifa a wannan yanki daga 2009 zuwa yau, da ƙarar bindiga ko da labarinta ya buɗe ido.

ABIN DA KE CIKIN ZANEN

Zane ba baƙon abu ba ne ga yaranmu. Kowane ɗayanku ya yi motar kara, ya gina saniyar laka, ya kuma sha faɗa saboda ɓata bangon gida da gawayi. Yaro abin da idonsa ya saba gani shi yake zanawa. Ɗan Nguru ya zana tirela da shanu, ɗan Gashuwa ya zana kwalekwale da taru. To, yaron da ya gudo daga Gaidam shi ma bai sake hali ba. Sai dai motar da ya gani buɗaɗɗiya ce, an girke bindiga a bayanta. Babur ɗin da ya gani mutum biyu ko uku ke kai, kowa da makami. Ya ga baƙar tuta, ya ga rufin gida yana ci da wuta, ya ga jirgin yaƙi a sama, ya ga mata a jere da kaya a ka da goyo a baya. Abin da ya shiga ta ido, shi zai fita ta hannu.

Duniya ta taɓa ganin irin wannan zane daga yaran maƙwabtanmu na Barno. Ran 3 ga Janairu 2015 Boko Haram ta afka wa Baga, dubban mutane suka tsallaka tafkin Cadi a kwalekwale, aka tara su a sansanin Dar es Salam kusa da garin Baga Sola a ƙasar Cadi. A can Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya riƙa ba yara takarda da kala. Abin da suka zana ya tayar wa manya da hankali: 'yan bindiga suna harbi, gidaje na ƙonewa, jini, gawarwaki, da jiragen ruwa cike da masu gudu. A watan Afrilu na wannan shekara hotunan zanen suka bazu a jaridun duniya, a daidai lokacin da UNICEF ta ba da rahoton cewa yara wajen 800,000 ne rikicin ya raba da gidajensu. Har ma aka yi amfani da zanen yaran Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru a dandalin Snapchat don jawo hankalin samarin ƙasashen waje.

Bambancin yaran Baga Sola da na Gashuwa da Nguru shi ne takarda. Na farko an ba su, an kuma adana abin da suka yi. Na biyu kuwa allonsu shi ne ƙasar tsakar gida, wadda tsintsiya ke sharewa kowace safiya, ko bango, wanda damina ke wankewa, ko bayan littafin lissafi, wanda malami zai gani ya ɗauko bulala.

ME YA SA YARO KE ZANE MAIMAKON MAGANA?

A al'adarmu yaro ba ya tsoma baki a zancen manya, ba ya kuma tambayar uwarsa abin da ya sa take kuka. Idan masifa ta auku sai mu ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Wannan magana tana sanyaya zuciyar babba, domin shi ya san mutuwa, ya san ƙaddara, yana da abokan da zai zauna da su a majalisa ya amayar da abin da ke cinsa. Ɗan shekara shida kuwa ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ya gani, ko da an ba shi dama. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na yaro kam, a tambayi wasansa da zanensa.

Likitoci masu kula da lafiyar tunanin yara sun daɗe da sanin alamun yaron da ya ga tashin hankali. Zai riƙa firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya manne wa uwarsa ba ya yarda ta ɓace masa da gani, ko ya zama mafaɗaci, ko ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi. Ƙarar salansar babur ta isa ta sa shi ya shige ƙarƙashin gado. Ku da ke Ikko da Anacha ku tuna da watan Disamba, lokacin da yaran unguwa ke fasa abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga dare da rana. Abin da yake wasa ga ɗan maƙwabcinku, ga yaron Gaidam komawar wannan Juma'a ce. Ba iskanci ba ne, ba kuwa lalle sai aljanu ba.

Shi zane, yana ba yaro dama ya fitar da abin tsoron daga cikinsa ya ajiye shi a gabansa, inda zai iya dubansa, ya rage masa girma, ya ninke shi ya sa a aljihu. Kuma yakan zama ƙofar magana. Yaron da ba zai amsa ba in an ce masa me ka gani, sau da yawa zai buɗe baki in an nuna takardarsa aka ce wane ne wannan.

DARASI DAGA WATA ƘASA MAI NISA

Banda amfaninsa ga shi yaron, zane yana da wani amfani ga al'umma, kuma don mu gane wannan sai mu leƙa wata 'yar ƙasa a Amurka ta Tsakiya mai suna El Salbado, wadda faɗinta bai kai rabin Jihar Yobe ba. Daga 1980 zuwa 1992 an gwabza yaƙin basasa a can tsakanin sojan gwamnati da 'yan tawaye, mutane wajen 75,000 suka halaka. Talakawan ƙauye, manoman masara da wake irin namu, su suka fi shan wuya. A watan Mayu 1980 aka kashe ɗaruruwansu a bakin kogin Sumpul suna ƙoƙarin tsallakawa ƙasar Honduras. A watan Maris 1981 aka sake buɗe wa masu gudu wuta a kogin Lempa. Waɗanda suka tsira aka tara su a sansanoni irin su Mesa Grande da Colomoncagua.

A waɗannan sansanoni, su 'yan gudun hijiran da kansu suka kafa makarantu. Wanda ya ɗan iya karatu ya koya wa wanda bai iya ba. Yara suka riƙa zana jirage masu saukar ungulu suna ruwan harsashi, da sojoji, da mutane cikin kogi. Masu aikin agaji suka tattara zanen, suka fita da shi waje, har a 1986 aka buga littafi guda a Amurka na zanen yaran kawai. Matan sansanin kuma suka ɗauki zare da allura suka ɗinka labarin gudunsu a jikin ƙyalle, kamar yadda ake aikin hula a wajenmu, kuma akwai irin waɗannan ƙyallaye ajiye a wani gidan tarihi a San Salbado, babban birnin ƙasar.

Abin da ya ba wannan zane nauyi shi ne, a lokacin hukuma tana musun abin da ke faruwa. A watan Disamba 1981 sojoji suka kashe mutane kusan 1,000 a ƙauyen El Mozote da kewayensa, wajen rabinsu yara. Gwamnatin ƙasar ta ce ƙarya ne, gwamnatin Amurka mai ba ta makamai ta ce babu tabbas. Sai a 1992, bayan an yi sulhu, masana suka tona wani ɗaki guda a ƙauyen suka sami ƙasusuwan mutane 143, daga ciki 131 na yara ne 'yan ƙasa da shekara 12. Ashe abin da yaran sansani ke zanawa tun shekaru goma da suka wuce ba ƙirƙira ba ce.

ZANEN DA YA SHIGA KOTU

Kusa da mu ma an yi haka. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka ziyarci sansanonin mutanen Darfur a gabashin Cadi. Suka ba yara takarda da kala don su yi wasa, su kuwa su samu su tattauna da iyaye. Ba wanda ya gaya wa yaran abin da za su zana, amma sai ga mahaya dawaki da raƙuma, ga jiragen sama suna sakin bam, ga tankokin yaƙi. Gwamnatin Sudan tana cewa rikicin ƙabilu ne kawai, babu hannunta. To, mahayin raƙumi ina ya sami jirgin sama? A 2007 wata ƙungiyar Ingila mai suna Waging Peace ta tattara zane wajen 500 daga yaran Darfur, Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke birnin Heg ta karɓe su a matsayin abin da ke bayyana yanayin da aka aikata laifin.

Wannan kotu ta san da zancenmu. A watan Disamba 2020 babbar mai gabatar da ƙara ta lokacin, Fatou Bensouda 'yar ƙasar Gambiya, ta bayyana cewa akwai dalilin yarda cewa Boko Haram ta aikata laifuffukan yaƙi a Nijeriya, haka kuma wasu daga jami'an tsaron ƙasar. Ko an je kotu ko ba a je ba, wata rana jikokinmu za su tambayi abin da ya faru a Yobe, kuma bai kamata a ce sanarwar hukuma da faifan 'yan bindiga kaɗai za su tarar ba.

Sai dai a yi hattara. Zane ba duba ba ne, ba a kuma yanke wa kowa hukunci da shi shi kaɗai. Yaro kan gauraya abin da ya gani da abin da ya ji a bakin manya da abin da ya kalla a waya. Wanda ya zana bindiga ba shi ke nan ya zama ɗan ta'adda ba, ba kuwa lalle ne a ce yana da ciwo ba. Shi ya sa bayanin da yaron ya yi da bakinsa ya fi fassarar da babba zai yi masa.

TO, BATUN ADDINI FA?

Akwai iyaye da ke hana yara zane saboda tsoron hukuncin zana abu mai rai, kuma wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Amma malamai da dama sun sassauta game da wasan yara, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai, bai kuwa hana ta ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma gaya masa cewa maganar maraya ce ko yaron da ya firgita, ba ta mai sassaƙa gunki ba.

ABIN DA YA RAGE GARE KU

Na farko, idan kuka ga irin wannan zane, kada ku daki yaron, kada ku yaga, kada ku yi masa dariya a gaban 'yan'uwansa. Ku zauna kusa da shi ku ce ya ba ku labarin abin da ya zana. In ya yi shiru ku ƙyale shi, gobe ma rana ce.

Na biyu, kada ku tilasta masa ya zana yaƙi. Ku ba shi takarda da kala kawai, shi ya san abin da ke ransa. In Allah ya sa hankalinsa ya fara kwanciya, da kanku za ku ga kasuwa da ƙwallo da motar haya sun fara shigowa cikin takardar.

Na uku, ku adana. Ku rubuta kwanan wata da shekarun yaron da garin da ya fito a bayan takardar, da abin da ya ce game da ita, ku sa a leda ku ajiye tare da takardunku masu muhimmanci. Kada ku watsa hoton yaron ko sunansa a waya, domin har yanzu yana da dangi a can gida.

Na huɗu, in watanni suka wuce yaro bai daina firgita ba, ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya kasa zama a aji, to a haɗa addu'a da asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba cikin Ikko, akwai na Aro a Abekuta, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Badun. Waɗanda ke gida su fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Kai yaro wurin likitan tunani ba shi ne a ce ya haukace ba.

Na biyar kuma ya shafi ƙungiyoyinku da sarakunan Hausawa na Kurmi. Kowane mako motoci na sauke shanu a kudu su juya arewa. Kwali guda na littattafan zane da fensir mai launi ba zai yi wa direba nauyi ba, kuɗinsa kuma bai kai na rago guda ba. A aika wa makarantun firamare da na Islamiyya na unguwannin da baƙi suka sauka. UNICEF ta ce daga 2009 zuwa 2017 makarantu kusan 1,400 aka lalata a arewa maso gabas, saboda haka duk abin da ya shiga hannun malamin firamare a wannan yanki ba a yi asararsa ba.

Muna kuma kira ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman da ke garin, su ɗauki nauyin tattara irin wannan zane da yardar iyaye, su keɓe masa wurin ajiya. Ɗalibansu masu koyon aikin malanta suna shiga azuzuwa kowace shekara, aikin ba zai yi musu wuya ba. Amma sai an hanzarta. Yaron da ya bar Gaidam yana da shekara 6 a 2021, a 2026 shekararsa 11. Nan gaba kaɗan kunyar samartaka za ta kama shi, ya ajiye fensir, ya shiga sahun manya masu haɗiye abu su yi shiru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya raya mana waɗannan yara, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Amin.